An ƙwace mini WhatsApp: in karya layin, in sayi sabuwar waya?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Ta ce wani ya kira ta da sallama da ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗinsu na adashi, ya ce za a yi taro ta waya da daddare, an tura wa kowace mamba lambar shiga, ta karanto masa tata ya sa ta a jeri. Ta karanto. Kafin la'asar WhatsApp ya fita daga wayarta, aka bi ƙawayenta da abokan cinikinta ana neman rancen jika 50 da sunanta, har mutum biyu sun tura. Ɗanta ya ce a sa wa wayar maganin bairos, mai gyara ya ce a yi mata filashin, maƙwabcinta a kasuwa ya ce ta karya layin ta sayi sabo. Tana so ta san wanne za ta bi, kuma ko ɓarawon zai iya kaiwa ga kuɗin da ke cikin layin, ko ga kwamfutar shago inda ake rubuta bashi.

Hajiya, sannu, Allah ya mayar da alheri. Shawarwarin nan uku duk ki ajiye su, musamman ta karya layi. Layin da ke hannunki shi kaɗai ne zai dawo miki da WhatsApp ɗinki. Ranar da kika jefar da shi kin bar wa ɓarawo sunanki da hotonki da mutanenki, ya yi ta ci har ya gaji don kansa.

Aikina kula da kwamfutoci da wayoyin ofisoshi ne a garin nan, kuma irin wannan matsala takan zo mini fiye da lalacewar na'ura. WhatsApp bai san fuskarki ba, bai san sunanki ba, lambar waya kaɗai ya sani. Duk wanda ya sa manhajar a kowace waya, a kowace ƙasa, ya rubuta +227 da lambobinki 8, kamfanin zai aiko da lamba mai alƙaluma 6 ta SMS zuwa ga sim ɗin da ke ɗauke da wannan layi. Wanda ya rubuta alƙaluman nan shi ne mai asusun a wurinsu. Mutumin da ya kira ki ya riga ya rubuta lambarki a tasa wayar, saƙon ya faɗo a taki, shi ya sa ya buga miki a daidai wannan lokaci ya ƙirƙiro zancen taro. Da kika karanto masa, asusun ya koma wayarsa, ke kuma aka fitar da ke, don lamba ɗaya ba ta zama a babbar waya biyu. Babu abin da ya shiga wayarki, balle a ce za a wanke shi da filashin ko maganin bairos. Yin haka tamkar mutum ne ya miƙa wa baƙo makullin shago da hannunsa, sa'an nan ya dawo yana ƙara wa katanga tsawo.

Sunan guruf ɗinku kuwa ba duba ya yi ba. Kusan tabbas akwai wata a cikinku da aka riga aka yi wa irin wannan kafin ke. Da ya shiga asusunta sai ya ga guruf, ya ga lambobin mambobi da hotunansu, ya zaɓi wadda ya ga alamar ana jin maganarta. Yanzu da naki yake neman na gaba. Don haka ki tambayi matan adashin ko akwai wadda WhatsApp ɗinta ya fita a kwanakin nan ta yi shiru saboda kunya.

Abin yi yau, kafin ki buɗe shago: ki tabbata sim ɗin yana cikin wayarki kuma akwai rezo, ki buɗe WhatsApp, ki rubuta lambarki kamar ranar farko. Za a aiko miki da sabuwar lamba mai alƙaluma 6. Da kin rubuta ta, an fitar da ɓarawon daga tasa wayar, ko yana Kano ko yana Kwatano. Wani lokaci za ki ga an ce ki jira wasu awoyi kafin a sake aiko da saƙo, saboda an yi ta gwadawa. Ki jira, kada a yi ta dannawa, ƙara tsawon jiran yake yi. In kuma bayan kin sa lambar aka nemi wata lambar sirri da ba ke kika sa ba, to ɓarawon ne ya kulle da tasa. A nan ne mutane ke karaya su sayi sabon layi, alhali ƙa'idar kamfanin a fili take: shi an riga an fitar da shi tun lokacin da kika rubuta lambar SMS, ke kuma bayan kwana 7 za ki shiga ba tare da lambar sirrin tasa ba. Kwana bakwai na haƙuri ya fi sake tara lambobin abokan ciniki na shekaru.

Kafin nan sai a toshe ɓarnar da baki. Ki kira admin ɗin kowane guruf da kike ciki, da kiran waya na yau da kullum, ta cire lambarki har ki dawo. Ki ɗauki saƙon murya da wayar ɗanki, da muryarki, a watsa wa dangi da abokan ciniki. Akwai abin da nake yawan gani a saƙonnin ɓarayin nan: mace wadda duk duniya ta san vokal take aikawa, ko gaisuwar Juma'a ba ta rubutawa, sai ga ta rana ɗaya tana rubuto Faransanci tsaf, tana cewa tana asibiti ba ta iya ɗaukar kira, a tura kuɗi a wata lamba daban. In aka kira sai a katse, a rubuto cewa rezo ba kyau. Duk wanda ya ga haka ya fita daga WhatsApp ya buga layin kai tsaye. Wannan kiran yana zuwa ga sim, sim kuma yana hannun mai shi.

Tsofaffin hirarrakinki da hotunan da aka turo miki suna cikin wayarki, ba su bi shi ba. Abin da ya samu shi ne jerin guruf-guruf, lambobin da ke cikinsu, da duk saƙon da ya shigo a kwanakin da asusun ke hannunsa. In wani abokin ciniki ya turo hoton takardar aiken kuɗi a lokacin, to ya gani, sai ki bincika ko an riga an karɓa.

Ranar da kika dawo, abu na farko shi ne ki sa taki lambar sirrin. Wayoyinmu galibi da Faransanci suke: Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes. Alƙaluma 6 za ki zaɓa. Tun 2017 WhatsApp ya kawo wannan kulle, kyauta ne, bai kai minti biyu ba, amma a cikin wayoyin da ake kawo mini da wuya in tarar an sa. Da kina da shi, ko da kin karanto wa mutumin nan lambar SMS, da ya tsaya a bakin ƙofa. Kada ki sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarki, kuma kada ta zama ɗaya da ta asusun kuɗinki. Ki rubuta a takarda ki ajiye inda kike ajiye zinarinki. Wasu masana kan ce kada a taɓa rubuta lambar sirri. Ni ban bi su ba a nan: ɓarawon da ke wata ƙasa ba ya iya buɗe akwatinki, amma mantuwa tana iya fitar da ke daga asusunki.

Akwai wata ƙofar da ba a cika magana a kanta ba, kuma ta fi waccan muni, don ita ba ta fitar da ke, ba za ki ma san an shiga ba. WhatsApp yana ba da damar haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har 4, kwamfuta ko wata waya. Wanda ya riƙe wayarki a buɗe na ɗan lokaci yana iya haska wani zane mai murabba'i da ita, ko ya rubuta wata lamba mai haruffa 8, daga nan duk abin da kika aika ko aka aiko miki yana gani a tasa na'urar, har da hirarrakin baya. Wannan ba aikin ɓarawon nesa ba ne yawanci. Aikin wanda ake ba wa waya ne: yaron shago da aka ce ya turo wa wani hoton shadda, mai gyara da aka bar wa waya da lambar buɗewa aka tafi sallah, wani lokaci ma na cikin gida, kishiya ko miji mai zargi. Na taɓa duba wayar wani ɗan kasuwa da ya rasa yadda abokin gogayyarsa ke sanin farashin da yake saro kaya. Kwamfuta ce aka haɗa da asusunsa tun watanni. Ki taɓa ɗigo ukun da ke saman WhatsApp, ki shiga Appareils connectés. Duk na'urar da ba ki sani ba ki fitar da ita. Ki mayar da wannan duba al'ada, kamar duk ranar da kuka yi zubin adashi.

Wata dabarar kuma ita ce a ce ki danna wasu lambobi masu tauraro, irin waɗanda ke farawa da **21* ko *21*, wai don ki karɓi kyautar kredi. Wannan yana karkatar da kiranki zuwa wayar wani, shi kuma sai ya nemi WhatsApp ya faɗo masa lambar ta kiran murya. In kina shakka ki danna ##002# ki kira, yana soke duk wata karkatarwa.

Batun kuɗin da ke cikin layi, hankalinki ya kwanta. Asusun Airtel Money ko Moov Money ko na Zamani ba ya tafiya da WhatsApp. Sai da sim ɗin kansa da lambar sirrinsa ake taɓa shi, kuma duka biyun suna wurinki, in dai ba ki faɗa wa mai kiran ba. Amma ki sa ran za a sake kiranki, don lambar da ta taɓa amsawa ba a barinta. Wannan karon zai ce daga kamfanin waya yake, an ga matsala a asusunki, ki ba shi lambar sirri a gyara. Ma'aikacin gaskiya ba ya neman lambar sirrinki, ba ta cikin aikinsa. Ko ya ce ya yi kuskure ya turo miki jika 20, ga saƙo nan ya shigo, ki taimaka ki mayar. Ki duba wanda ya aiko saƙon: lambar waya ce ta mutum, an kwaikwayi rubutun kamfani. Ki danna ki duba ragowar kuɗinki da kanki, za ki ga ko dala ba ta ƙaru ba.

Wannan ya shafi shago kai tsaye. Hoton allo da abokin ciniki ya turo yana cewa ya biya ba shaida ba ne, yaro ɗan sakandare ma yana iya gyara shi. Kaya ba sa fita sai kin ga kuɗin a asusunki, ko an karɓo su a Nita ko Amana ko Al Izza, duk inda aka aiko. Ki gaya wa yaran shago haka da bakinki, don su ake yi wa gaggawa, a ce mota za ta tashi zuwa Tanut ko Gure, a ɗaure kaya tukuna.

Yanzu ga inda na fi son ki tsaya ki yi tunani, layin kansa. Da sunan wa aka yi masa rajista? Layuka da yawa a garin nan an saye su ne a bakin titi da katin ɗan ƙasa na wani, ɗa ko ƙane ko ma mai sayarwar. Muddin waya na hannu ba a ganin illar. Ranar da ta faɗi a kabu-kabu ko aka zare ta a cunkoson kasuwa, sai a je ajans neman a dawo da lambar, a ce sai wanda sunansa ke kai ya zo da katinsa. In yana Agadas ko Libiya fa? Ga WhatsApp a kan layin, ga kuɗi, ga Facebook. Ki ɗauki katinki ki je ajans ɗin kamfanin layinki a duba, in ba sunanki ba ne ki tafi da mai sunan a mayar da shi naki tun ana zaune lafiya.

Haka kuma masu WhatsApp a kan lambar da sim ɗinta ya daɗe da mutuwa. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kantin Kwari sukan sayi layin Najeriya, su buɗe WhatsApp da shi don masu ba su kaya, su dawo gida su jefa sim ɗin a aljihun jaka. Manhajar tana ci gaba da aiki da intanet, sai mutum ya ɗauka komai lafiya. Kamfanonin waya kuwa sukan karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani. Sabon mai shi ya sa WhatsApp, lambar SMS ta zo masa, shi ke nan ya gaji guruf-guruf ɗinka ba tare da ya yi niyyar sata ba, kuma babu hanyar dawowa. Duk layin da aka ɗora asusu a kansa a riƙa sa masa kredi ana kira da shi, ko a mayar da asusun kan layin da ake amfani da shi kullum ta Changer de numéro.

Ga kuma caji. In NIGELEC ta ɗauke wuta a lokacin zafi, za ka ga teburin mai caji cike da wayoyi, kowace da ɗan lamba a manne, masu su sun watse. Mafi yawan masu cajin mutanen kirki ne masu neman halal, amma teburin ba shi da ƙofa. Wayar da ke nuna rubutun SMS a allo ko tana kulle, duk wanda ya tsaya kusa yana iya karanta lambar WhatsApp ba tare da ya taɓa ta ba, don haka a shiga saitin sanarwa a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. Sim kuma ana zare shi a sa a wata waya a mayar cikin minti ɗaya. Maganinsa lambar PIN ta sim, wadda ake nema duk lokacin da aka kunna waya. Sai dai a kula: kuskure sau 3 yana kulle sim sai da PUK, lambar nan mai alƙaluma 8 da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, wanda yawancinmu muka jefar tun ranar saye. Kuskuren PUK sau 10 yana kashe sim ɗin. Shi ya sa na fi so a sa PIN ɗin a ajans, ranar da kika je duba rajista.

Ki tambayi kanki kuma wa ya buɗe miki Gmail ɗin da ke wayar. In mai sayar da waya ne ko wani yaro a kasuwa, to shi ya san kalmar sirrin, ke ba ki sani ba. A can lambobin mutanenki suke, da hotuna, da ajiyar hirarrakin WhatsApp, kuma da shi ake neman waya ko a goge ta daga nesa in ta ɓata. Ki zauna da ɗanki ku canza kalmar sirrin, ku sa lambarki a matsayin ta dawo da asusu. Ku danna *#06# ku rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 a takardar nan ta cikin akwati, ƴan sanda za su tambaye ta in an sace wayar.

Maganin bairos da ɗanki ya ambata, a waya ba shi ne damuwata ba. Abin da ya fi shi amfani shi ne a daina karɓar manhaja ta Xender daga wayar wani, a riƙa saukewa daga Play Store. In GBWhatsApp ko ire-irensa ne a wayarki, ki cire. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su.

Kwamfutar shago ba ta da alaƙa da abin da ya same ki, sai in an haɗa WhatsApp ɗinki da ita, wanda za ki gani a Appareils connectés. Nata haɗarin daban ne. Yawancin kwamfutocin da ake kawowa na hannu Windows 7 ne a kansu, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma an daina a Oktoban 2025. In rubuta bashi kawai take yi, a bar ta ba intanet, kuma yara su daina kallon fim a kanta. Ciwon da na fi gani shi ne na kile ta USB da aka kai wurin fotokofi: a dawo da ita a tarar duk fayiloli sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gefe, a danna ɗaya, cutar ta shiga kwamfuta. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, mai gyara yana fito da su, kada a yi saurin goge kilen. A ware kile ɗaya ta zuwa fotokofi, wata kuma ta ajiyar lissafi wadda ba ta barin gida, a kwafe a kanta duk mako. Littafin bashi na takarda ma kada ki yar da shi, faifan kwamfuta ba ya son yawan ɗaukewar wuta.

Saura kai ƙara. Ki je komsariya ko da kina ganin kuɗin ba za su dawo ba, kuma gaskiya sau da yawa ba sa dawowa, don ana cire su cikin mintuna. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun Yulin 2019, kuma gyaran da aka yi mata a Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da watsa abin da ke iya tada hankalin jama'a ta waɗannan hanyoyi. Kwanakin da asusunki ya yi a hannun wani, duk abin da aka rubuta da sunanki da lambarki ya fita. Takardar ƙara mai kwanan wata ita ce za ta nuna daga yaushe ba ke ba ce.

Ki tafi da mutum biyun da suka tura kuɗi. Kada su goge komai, ko don haushi. A ɗauki hoton allon hirar yadda take, da lambar da aka ce a tura kuɗin, da saƙon kamfani mai lambar shaidar aike da awa da minti, da lambar da ta kira ki ranar, wadda ke nan cikin jerin kiran wayarki in ba a yi filashin ba. Su kuma su kira sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin da suka aika ta hanyarsa yau ɗin nan, su ba da lambar shaidar. In kuɗin ba su riga sun fita daga asusun da aka tura ba, akwai damar a riƙe su.